Ƙanƙarar da Na Kai Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wani zuwa da na yi Gashua a tsakiyar bazara ba, kuma ko na yi niyyar mantawa abokina Modu ba zai bari ba. Har gobe in muna zaune a majalisa hira ta mutu, sai ya gyara murya ya ce bari ya ba su labarin shadda mai ruwan sararin samaniya. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, don nasa ya fara yin ƙari.

Ni ɗan Nguru ne, a shagon kawuna nake aiki, muna sayar da ƙanƙara da ruwan leda. Tun ban kai tsawon firiza ba nake ɗaukar ƙanƙara ina naɗewa a buhu ina kai wa masu zoɓo da masu kifi. Na faɗi wannan ne don ku san inda abin ya fi yi mini ciwo. Duk faɗin garin nan in akwai wanda ya kamata ya san halin ƙanƙara, to ni ne.

A lokacin akwai wani gem na waya da ya shigo mana, ya hana samari sakat. Dodanni ake tarawa, a rene su, sannan a haɗa su faɗa da na wani. Kowane dodo da jinsinsa, akwai na wuta, na ruwa, na ciyawa, na dutse, na ƙarfe, da masu fukafukai, kuma kowane jinsi da wanda yake ci da wanda yake cin sa. 'Yan majalisarmu duk na wuta suke rububi, don da duka ɗaya yake kwantar da mutum. Ni kuwa saboda kishin sana'a sai na ɗauki na ƙanƙara, wani gajere mai faɗin baya da ƙahoni, tafiyarsa ma da ƙyar. Na raɗa masa suna Daskarau.

Modu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba a gina gida a kan dodon ƙanƙara, wuta ta narkar da shi, dutse ya fasa shi, ƙarfe ya farfasa shi, maƙiyansa sun fi masoyansa yawa. Wannan magana ta ƙona mini rai ƙwarai (ji na yi kamar shagon kawu ya zaga), na yi rantsuwa sai na mayar da Daskarau abin tsoro a Nguru.

Kuma na yi, wannan kam ba cika baki ba ne. Na daɗe ina gwaji ina shan kaye kafin dabarar ta zauna. Da farko nakan turo wata 'yar ƙaramar dodanniya wadda ba ta iya komai ba sai kiran dusar ƙanƙara a filin faɗa. Da dusar ta fara zuba sai in janye ta in shigo da Daskarau, don a cikin dusa jikinsa ƙara tauri yake, kuma duk zagaye yana ɗan farfaɗowa daga dukan da ya sha. Ba ya kai hari da wuri. Katanga yake ginawa a gabansa, ya tsaya yana ɗanɗana wa abokin karawa sanyi, jininsa yana raguwa a hankali. In aka turo mini na wuta ko na dutse, sai in ɓoye shi in fito da wani na ruwa mai kama da tarwaɗa, wanda nake kira Ɗan Dagona, ya karɓi dukan ya kashe wutar, sannan Daskarau ya dawo ya ci gaba da tsayuwarsa. Ba da duka nake cin mutum ba, da gajiya nake cin sa. Akwai wanda ya ajiye wayarsa ya tafi sallah ya bar mini faɗan don haushi.

Matsala ɗaya ce. Faɗana yana da tsawo, wayata kuma tsohuwa ce, ta sha jiki. In wasa ya yi nisa sai ta ɗauki zafi, ta fara sarƙewa, daga nan ta yi ɗif. A shago wannan bai taɓa damuna ba, don jingina ta nake da bulon ƙanƙara da ke cikin buhu, ta yi ta aiki lafiya lau. Ban taɓa lura cewa duk nasarorin da nake taƙama da su a cikin shago na same su ba.

To, a Gashua akwai Zainab. Mahaifinta, Baba Alhaji, babban ɗan kasuwar bandar kifi ne, asalin gidansu daga Haɗeja. Na daɗe ina zuwa zance, ita ta amince, mahaifiyarta ma ba ta ƙi ba, amma Baba bai ce in turo magabatana ba. Wuƙa da nama ya miƙa wa babban ɗansa, Yaya Habu, ya ce ya nazarce ni ya kawo masa labari. Zainab ta gaya mini a waya cewa Baba ba ya tambayar abin hannun mutum, abu ɗaya yake nema, natsuwa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, natsuwa ai a gidanmu aka haife ta.

Ashe Yaya Habu shi ne gwarzon wannan gem a Gashua. Labarin Daskarau kuma ya isa kunnensa ta bakin Zainab (laifina ne, rabin zancenmu bayanin dusar ƙanƙara nake yi mata, tana hamma ina ci gaba). Sai ya aiko mini cewa in zo ranar Asabar mu kara a ƙofar gidansu, ya ƙara da cewa shi a wajen wasa yake gane halin mutum.

Na gane jarrabawa ce, kuma wallahi daɗi na ji. Wa ya kai ni? Dabarata gaba ɗaya haƙuri ce da jira. Na riga na hango Yaya Habu yana shiga wajen Baba yana cewa wannan yaro ko dutse ya san ya fi shi haƙuri, a ba shi kawai.

Ranar Asabar na fito da sabuwar shaddata mai ruwan sararin samaniya, riga da wando, ta sha guga har tana ɗaukar ido. Modu ya raka ni. Muna cikin mota kafin mu yi rabin hanya na ji wayar ta yi zafi a aljihuna, alhali ko taɓa ta ban yi ba. A nan gabana ya faɗi, don sai lokacin na tuna ba a shago za a yi wasan ba. Muna sauka a tashar Gashua na hango wata mata da kular ruwan sanyi, na je na zaɓi ruwan leda biyu da suka daskare suka yi tauri, na zuba a aljihu. Modu ya tambaye ni na mene ne, na ce na sha ne.

Kullum sai na gaya wa masu sayen kayanmu cewa ledar da ta daskare sosai sai a duba bakinta, don ƙanƙara in ta kumbura tana tsaga leda. Da bakina nake faɗa, har da ɗaga yatsa. Ranar nan ko juya su ban yi ba.

Mun tarar an shimfiɗa tabarmi a gindin maina, wato darbejiya, a ƙofar gida, samarin unguwa sun cika wurin, don labari ya zaga cewa ɗan Nguru ya kawo dodon ƙanƙara. Tun kafin in zauna aka fara tsiya. Wani ya ce Allah ya sa bai narke a hanya ba, wani ya ce a kawo kofi a tara kada a yi asara. Na yi murmushin manya kawai, tunda natsuwa aka zo gani. An kawo mana zoɓo daga cikin gida, na kuma lura ƙyauren soro bai rufu duka ba, na san akwai idon da ke kallona ta nan.

Yaya Habu ya fito da wata sabuwar waya mai faɗi, tana sheƙi. Na dubi tawa mai tsagaggen gilashi, na ce a raina ba za a yi da ni ba, ba za a ce mai neman auren ƙanwarsa sai an yi wa wayarsa jinya take aiki ba. Saboda haka da na zauna na tanƙwashe ƙafa, sai na sulale ledojin nan daga aljihu na ɗora su a cinyata ta ƙarƙashin riga, na ja rigar na rufe, na ɗora wayar a kai. Babu wanda ya gani. Har na yaba wa kaina.

Aka fara. Kai jama'a, ban taɓa yin wasa mai kyau irin na ranar ba. Dusar ƙanƙara ta zuba, Daskarau ya shigo ya kafa katangarsa. Yaya Habu ya turo na ciyawa, sanyi ya cinye shi. Ya turo babban makaminsa na wuta, 'yan Gashua suka ɗau ihu, ni kuwa na janye Daskarau na miƙa masa Ɗan Dagona, wutar ta mutu murus. Wayata kuma sanyi ƙalau, ko gezau ba ta yi ba. Da farko sanyin ya riƙa cizon cinyata har ina ɗan cije leɓe, daga baya sai na daina jin komai. Na ce alhamdulillahi, jiki ya saba.

Wasa ya yi tsawo. Masu tsiya suka gaji, wani ya tambaya ko faɗa ake yi ko jiran mota. Yaya Habu ya cire hula ya ajiye a gefe, gumi yana bin wuyansa. Dodanninsa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masa guda, wani mai fukafukai, wanda kowa ya san abincin ƙanƙara ne. Ya danna nasa harin ya jingina da bishiya yana jiran hukunci. Saura ni in danna sau ɗaya a tashi. Sai dai gem ɗin yana da doka, kowane zagaye da ɗan lokacinsa, in ya ƙare ba ka danna komai ba sai a ɗauka ka gudu, a ba abokin karawarka nasara.

Na ɗaga yatsa ke nan sai muka ji sallama. Baba Alhaji ne ya dawo daga kasuwa, da carbinsa a hannu.

Wuri ya yamutse, kowa ya gyara zama yana sannu da zuwa. Yaya Habu ya ɗan russuna daga inda yake, shi ɗan gida ne, ta wadatar. Ni fa? Mai neman aure ba ya gaida suruki daga zaune, dole ka tashi ka je gabansa ka durƙusa. Na san za ku ce ai da na danna kafin in tashi. Ni ma na sha gaya wa kaina haka. Amma wa zai ga mahaifin yarinyar da yake so a tsaye ya ci gaba da latsa waya? Da sauri na zura hannu ƙarƙashin riga na tura ledojin aljihun wando (na ji sun yi sakayau, ban kawo komai a raina ba), na kife wayar a tabarma, na miƙe tsaye.

Daga inda nake zuwa inda Baba yake akwai 'yar tazara, sai da na ratsa tsakiyar jama'a. Ina tafiya a hankali, kai a sunkuye kaɗan, hannu a ƙirji, irin tafiyar yaro mai tarbiyya. Wurin ya yi tsit. Na ɗauka ladabina ne ya burge su. Modu ya yi ta wani irin tari yana zare mini ido yana nuna ƙasa, na ɗauka wayar yake tuna mini, na kau da kai. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Na durƙusa na fara gaisuwa, kuma na ƙudura sai na yi ta cikakkiya. Na tambayi wuni, na tambayi gajiya, na tambayi kasuwa da zafi da iyali. Baba yana amsawa, shi ma ya tambayi mutanen Nguru da kawu da hanya, amma na lura idonsa yana sauka ƙasa ya yi sauri ya ɗauke, ya sake sauka ya ɗauke. Ana cikin haka na ji wayata daga can baya ta yi wannan kiɗa na baƙin ciki da take yi in an ci mutum. Daskarau ya tafi. Na haɗiye abin, na ce ba komai, na rasa wasa amma na ci jarrabawa.

Sai Baba ya yafito Yaya Habu, ya rage murya, amma a shirun nan kowa ya ji.

"Habu, shiga da shi ciki ka ba shi wando, ka kai masa buta, la'asar ta kusa." Sannan ya dafa kafaɗata. "Kada ka ji komai, yaro. Lalura ba ta sallama."

A lokacin na dubi jikina.

Inna lillahi. Daga ƙugu har gwiwa shaddar nan ta rine, gaban riga da wando sun yi duhu sharkaf, kuma ba a ko'ina ba sai daidai inda bai kamata ba. Inda na durƙusa ƙasa ta jiƙe. Na waiwaya, ga ɗigo nan a jere a kan tabarma tun daga mazaunina har gaban Baba. Sanyi ya kashe mini cinya, shi ya sa ban ji komai ba. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ba ta tsage ba.

Yanzu ku duba halin da nake ciki. In na yi shiru, dattijon nan zai shiga gida da sanin cewa mai neman 'yarsa fitsari yake a wando da rana tsaka. In na yi magana, dole in gaya masa cewa ni, ƙato da gemu, ƙanƙara na ɓoye a cinya saboda dodon waya. Wallahi sai da na tsaya na auna su biyun, kuma ba da tazara mai yawa ɗaya ta rinjayi ɗaya ba.

"Baba, ba abin da kake zato ba ne," na ce. "Ƙanƙara ce."

Na zura hannu a aljihu na fito da ledojin, duk sun tsage ta baki, sun yi lakwas, a cikin ɗaya akwai sauran ƙanƙara da ba ta wuce ƙwayar goro ba. Na ɗaga su sama don shaida, suna ɗiga a hannun rigata.

Baba ya dube su ya dube ni, ya tambayi abin da ya kai ƙanƙara cikin rigata. Haka na durƙusa ina yi wa mutum mai farin gemu bayani dalla-dalla, cewa ƙanƙarar ta waya ce, don wayar tana zafi, tana zafi ne don faɗan yana da tsawo, faɗan kuma yana da tsawo ne don dodona ba ya son gaggawa. Ya ce wane irin dodo. Na ce na ƙanƙara. Ya ci gaba da jan carbi, gefen bakinsa yana motsi.

"To dodon ya ci?"

"Ya gudu, Baba," in ji Yaya Habu.

Ai kuwa sai wuri ya fashe. Wani ya faɗi a tabarma yana shure-shure, Modu, wanda na kawo don ya tsaya mini, ya rungume gindin maina yana hawaye. Baba shi kaɗai ya daure, ya ce Allah ya kyauta, ya shige soro da sauri. Bai yi nisa ba muka jiyo tasa dariyar daga ciki, haɗe da ta mata, kuma a cikinsu na gane murya ɗaya sarai.

Yaya Habu gajere ne mai jiki, ni kuwa dogo. Wandon da ya ba ni a ƙwauri ya tsaya, ƙugun kuma sai da na yi ta tattarawa. Da shi na yi la'asar, a sahun ƙarshe, da shi kuma na hau motar Nguru, shaddata a cikin baƙar leda. Na riga na gama lissafi, an aiko a duba natsuwa an tarar da mai ɓoye ƙanƙara a wando, magana ta ƙare. Abin ya yi mini ciwo sosai, don ina son yarinyar nan ba da wasa ba.

Na yi kwanaki ban kira ta ba saboda kunya, ko gem ɗin ban iya buɗewa ba. Rannan ina shago ina fasa wa wata mai kunu ƙanƙara sai ga kiranta. Da na ɗauka, da ta fara magana sai dariya ta ƙwace mata. Da ƙyar ta gaya mini cewa Baba ya ce in turo magabatana.

Na ce kada ta yi mini wasa da hankali. Ta rantse. Ta ce Yaya Habu ya faɗa wa Baba gaskiya, cewa saura dannawa ɗaya in cinye shi na ajiye wayar na tashi gaisuwa, kuma duk wanda ya iya zama ya jira irin jiran nan zai iya zama da bakin Zainab. Amma ta ce ba wannan ne ya fi taɓa Baba ba. Cewa ya yi, yaron da ya san wandonsa a jiƙe yake, ya san za a yi masa dariya, amma bai yarda ya gaishe shi daga zaune ba, ya taso ya ratsa jama'a a haka, wannan ɗan mutunci ne, ba a barin irinsa ya wuce.

Na buɗe baki zan ce ai ban sani ba. Da na san halin da wandon nan yake ciki, wallahi ko sarki ne ya zo ba zan motsa daga tabarmar nan ba, sai dai a ce ba ni da tarbiyya. Maganar ta zo har bakina, sai na tsaya na yi tunani, na mayar da ita. Na ce mata ai girmama manya wajibi ne.

An ɗaura aure bayan damina. Har yau in na je gaisuwa Baba yana cikin baƙi, sai ya nuna ni ya ba su labarin yadda na zaɓi kunya a kan rashin ladabi, su yi ta sa mini albarka, ni kuwa in sunkuyar da kai in ce amin. Abin da na koya shi ne, gaskiya ɗaya ta ishi mutum a gidan surukai. Ta ƙanƙara na faɗa da bakina a gaban jama'a. In kuma suruki ya yi maka kyakkyawan zato bisa kuskure, ba aikinka ba ne ka gyara wa babba magana.